Kawu Idi da Kifin Neman Aure

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu Idi ya rasu.

Da safen nan Yaya Sale ya kira ni daga Lafiya, ina tsaka da haɗa wa yara shayi. Ya ce ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Kawu ya yi ta kiransa don sallar asuba, shiru. Ya dawo daga masallaci ya sake kira, shiru. Sai ya shiga ya taɓa kafaɗarsa.

Yana faɗin haka na zauna a ƙasa, ban jira ya ƙarasa ba. Duk wanda ya san gidanmu ya san ba a taɓa Kawu Idi in yana barci. Fiye da shekara talatin ba wanda ya yi.

Ina Kano, jana'iza kuma bayan azahar ce, ba zan same ta ba. Ku da kuke bin shafin nan kun san ni ba mai dogon rubutu ba ce, daga hoton girki sai barka da Juma'a. Yau ku yi haƙuri da ni. Ba ni da inda zan kai abin da ke raina.

Kawu Idi ƙanin mahaifiyata ne, autan kakarmu Iya. Soja ne. Lokacin da nake ƙarama, in ya samu hutu gidanmu yake sauka, can bayan tashar jirgin ƙasa a Lafiya, da burodi a hammata da dariyar da ake ji tun daga bakin titi.

Ni kuwa yarinya ce mai kunyar tsiya. In baƙi suka yi sallama, bayan ƙyaure nake laɓewa. Abin da na iya a duniya shi ne karanta littattafan soyayya, irin waɗanda ake bayarwa haya a kasuwa, in cusa su cikin littafin makaranta in yi kamar bita nake. Ranar da Mama ta kama ni ta kwashe su ta nufi murhu, Kawu ne ya tare ta a ƙofar kicin. Ya ce, "Yaya, bar mata kayanta. Wadda take karatu ai kin san inda take."

Daga ranar ya raɗa mini Malama Binta. Har ya bar duniya bai kira ni da wani suna ba.

Shi ne mutum na farko da bai taɓa ce mini "ke ba ki magana ne?" ba. Sai ya zauna kusa da ni ya fere lemo da 'yar wuƙarsa, ɓawon ya fito dogo bai tsinke ba, ya miƙo mini rabi, mu sha, kowa ya yi shirunsa.

Yana da wadda yake so. Zan kira ta Jummai, ko da yake ba sunanta ba ne, don tana raye, tana da 'ya'ya da jikoki. 'Yar wani tsohon masunci ce daga ƙauyen su Iya, amma tana koyarwa a firamare a Obi. Ni yake ɗauka a bayan babur in zai je zance, don ya san ba zan kawo rahoto gida ba. In zauna a gefe ina satar kallonsu. Shi dogo, ita 'yar gajera mai wushirya, tana yi masa tsiya wai sojan da ke tsoron kyankyaso. Wallahi a lokacin gani nake duk littattafan da na karanta labarinsu aka sata.

Sai aka tura su yaƙin Laberiya.

Ya dawo da ƙafafunsa da hannayensa, ba ko kwarzane. Muka yi ta murna, aka yi sadaka. Sai a hankali muka gane dariyar nan ba ta dawo tare da shi ba. Ba ya son a rufe ƙofa da ƙarfi. Ba ya cin nama. Yakan zauna ya ƙura wa bango ido har inuwa ta juya.

Wata rana da azahar barci ya ɗauke shi a gindin mangwaron tsakar gida. Mama ta ce Yaya Sale, wanda nake bi, ya tashe shi ya ci abinci. Yaya Sale ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa kawai. Kafin mu ƙifta ido yana ƙasa, gwiwar Kawu a kan ƙirjinsa, hannu biyu a maƙogwaronsa. Sai da Baba da wani maƙwabcinmu suka haɗu suka ɓamɓare shi. Ƙashin kafaɗar Yaya Sale ya tsage, muryarsa ta daɗe ba ta fita.

Kawu ya koma jikin bango ya zauna yana kallon tafin hannayensa, kamar na wani aka ara masa.

Tun daga nan ake kiransa daga nesa. Iya kuma ta ɓoye 'yar wuƙar lemon.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti a Jos aka ba shi ƙwayoyin da ke sa shi nauyin baki. Aka sallame shi daga aiki. Da komai ya ƙi, sai manya suka tsaya a kan magana ɗaya: aure ne maganin. Iya ta ce, Mama ta ce, har limamin unguwa ya ce. Wai in ya samu mace a ɗaki, ya ji kukan jariri, hankalinsa zai dawo mazauninsa. Jummai kuma ta aiko cewa ita tana nan inda ya bar ta.

Duk sanda aka tayar da zancen sai Kawu ya sunkuyar da kai. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce a ɗan dakata, Iya ta fashe da kuka tana cewa so yake ta mutu ba ta ga ɗakinsa ba. Bai sake cewa komai ba.

To, a ƙauyen su Iya, can bakin Binuwai, akwai wata al'ada a gidajen masunta. Mai neman 'yarsu sai ya kawo babban kifi da ya kama da hannunsa, ya ajiye a ƙofar uban yarinya, kafin a sa rana. Ba na saye ba, ba na aro ba. Kuma a cikin rani ake yi, kafin ruwan sama ya sauka kogi ya cika ya yi ja. In har damina ta faɗi mutum bai kawo ba, sai a ce ruwa ya hana. Shi ke nan, a rabu lafiya, ba mai zargin wani. Yawancin gidaje sun mayar da abin wasa, ango ya shiga kwalekwale da abokai su taya shi. Amma mahaifin Jummai tsoho ne mai riƙo. Abu ɗaya ya sassauta: da aka gaya masa Kawu ba ya yarda ya shiga kwalekwale tun da ya dawo, sai ya ce ya kama daga gaɓa, ya karɓa.

Haka aka yi muka tafi hutu, a shekarar 1993, ina da shekara goma sha biyar.

Baba ne ya ce kada a bar Idi ya tafi shi kaɗai kamar mai zuwa jarrabawa, a tafi gaba ɗaya a ce shan iska aka je. Ya aro akori-kura a wajen abokinsa, muka loda tabarmi da tukwane da buhun gari da rediyonsa, mu yara muka hau kan kaya. Muka bi ta Obi, muka wuce Awe, daga nan kwalta ta ƙare. Lokacin zafi ne, mangwaro ya nuna ko'ina, in mota ta bi ƙarƙashin bishiya sai mu miƙa hannu.

Shi ne hutu na farko da muka taɓa zuwa a matsayin iyali. Shi ne kuma na ƙarshe.

Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Kogin ya janye ya bar fili na farin yashi, sai ka yi tafiya mai nisa a kai kafin ka taɓa ruwa. Ƙannena suka haukace da wanka. Mama da matan gidan su Iya suka kafa murhu a inuwa suna soya ƙananan kifi, ana ci da garin rogo da yaji da albasa. Baba ya naɗe wando zuwa gwiwa, rediyo a kunne, yana ba masunta shawarar da ba su tambaye shi ba. Na ga Mama tana dariya har da riƙe ciki, abin da na daɗe ban gani ba.

Ni kuma na riga na rubuta ƙarshen labarin a kaina. Kawu zai kama kifi, ya saɓo shi a kafaɗa, Jummai ta leƙo ta katanga, ya yi dariyar nan tasa ta da, komai ya koma daidai. A littattafaina haka ake yi. Ana wahala, ana kuka, amma shafin ƙarshe biki ne.

Kwanakin farko duk inda Kawu ya zauna sai an yi masa zobe. Samarin gari suna ta tsokana, "Ango, yau ma azumi za mu yi?" Wata gwaggonmu ta ce in ya ga dama ya ɗaura kakinsa, ƙila kifin ya ji tsoro ya miƙa wuya. Baba yana tsaye a kansa yana cewa ja, saki, ja. Kawu yana murmushin dole, gumi yana bin wuyansa.

Sai mahaifin Jummai ya aiko cewa a watse a ba mutum wuri, babban kifi ba ya zuwa inda ake surutu. Iya ta ce amma ba za a bar shi shi kaɗai a bakin ruwa ba. Aka duba aka duba, aka ce a ba shi Binta, ita da babu duk ɗaya.

Haka na zama 'yar rakiyar Kawu.

Wurin da ya zaɓa can ƙasa da gari ne, inda gaɓa ta yi tudu, wata ƙatuwar bishiya ta faɗa cikin ruwa. Ƙarƙashinta akwai zurfi, ruwan wajen har baƙi-baƙi yake. Nan aka ce giwan ruwa ke kwanciya.

Ya yanko mini 'yar sandar gora, ya ɗaura zare da ƙaramar ƙugiya, ya yanki guntun tsohon silifa ya ɗaura a tsakiya don ya yi ta yawo a saman ruwa. Ya ce in na ga silifan yana rawa kada in yi gaggawa, sai ya nutse. Ya nuna mini yadda ake soka tana. Na runtse ido na yi, ya ce, "Malama Binta, a littafinki ba a soka tana ko?"

Ranar da na fizgo karfasata ta farko, ta faɗo a kan cinyata tana ɓal-ɓal, na yi wurgi da sandar na ruga. Kawu ya yi dariya. Gajeriya ce, kamar tari, amma dariya ce. Na koma gida ranar ina jin kamar ni na warkar da shi.

Nasa zaren daban ne. Mai kauri, an naɗe shi a jikin guntun katako, da darma, da ƙugiya kamar lanƙwasasshen yatsa. Ba sanda, da hannu ake riƙewa. Kullum in zai sa abincin kifi sai ya juya mini baya, sannan ya wulwula ya jefa. Mu zauna. Rana ta haura, ta karkata. Ni in cika bokiti da ƙanana, shi ko motsi.

Wata rana yana naɗe zaren za mu tafi, na ga ƙugiyar ta fito fes. Washegari na sa ido tun daga farko. Ba ya sa mata komai. Haka yake jefa ta tsirara.

Ban tambaye shi ba. Ni da ban iya tambayar mutum ruwan sha ba. Sai na ƙirƙiro wa kaina bayani irin na littafi, wai gwada soyayyar yake, yana so kifin ya zo don Allah ya nufa, ba don yaudara ba. Har abin ya burge ni. Ku ji wauta.

Kwanaki suna tafiya. Hutun makaranta ya zo ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Dariya ta ragu a wajen murhu. Iya ta daina cin abinci sosai, in mun dawo sai ta dubi hannun Kawu kafin ta dubi fuskarsa.

Ana gobe za mu koma Lafiya, da hantsi, muna zaune sai ga Jummai da bokiti a ka, kamar mai zuwa ɗibar ruwa. Ba nan mata ke ɗiba ba. Kuma a al'ada bai kamata wadda ake nema ta zo wajen ba.

Ta sauke bokitin. Ta ce mini sannu, ta ce masa sannu da aiki. Sai ta miƙa hannu ta karɓi zaren daga hannunsa, ta shiga jawo shi, hannu bayan hannu, irin na wadda aka haifa a cikin abin. Ƙugiyar ta fito tana sheƙi, ba komai a jikinta.

Ta daɗe tana kallonta. Shi yana kallon ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa hannu a bokitina ta zaɓo 'yar karfasa mai rai, ta soka mata ƙugiyar a gadon baya yadda ba za ta mutu ba, ta ja da baya, ta wulwula, ta jefa. Ya faɗa daidai gindin bishiyar, inda nasa bai taɓa kaiwa ba. Ta kamo hannunsa ta sa masa zaren.

Ta ce, "Idi, in ruwa ne zai hana, bari ya hana da gaskiya."

Ta ɗauki bokitinta ta tafi, ko ruwan ba ta ɗiba ba.

Ba a jima ba zaren ya miƙe.

Na farko kamar an ɗan taɓa. Na biyu sai katakon ya yi tsalle daga ƙasa, zaren ya shiga gudu ta cikin tafin Kawu har yana ƙara. Ya miƙe tsaye ya turje. Na ga jini a hannunsa, na cire ɗankwalina na miƙa masa, ya naɗe ba tare da ya dube ni ba. Kifin ya ja, ya sakar masa. Ya lafa, ya jawo. Ya nufi rassan bishiyar, Kawu ya bi gaɓa da gudu ya karkato da shi. Can sai ruwa ya tsage, abin ya yi sama, fari sol kamar sabon kwano, baki a hangame yana girgiza kai, ya koma ya faɗa.

Giwan ruwa. Tsawonsa ya kusa kai ni.

Abin da ba zan manta ba shi ne fuskar Kawu. Kawun da na sani a da ne ya dawo. Idonsa a buɗe, yana magana da kifin, yana cewa zo mana, zo, haba babba. Yana so. Duk wanda ya ce mini Kawu bai so auren nan ba, ban yarda ba, don na ga fuskarsa a lokacin.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Na dai san rana ta zo tsaka kafin kifin ya gaji. Kawu ya gangara inda ba zurfi, ya jawo shi har gabansa, ya durƙusa a cikin ruwa ya riƙe shi ta muƙamuƙi. Kifin ya kwanta a gefe yana numfashi. Ni ina tsalle a kan yashi, ni da ba a jin muryata, ina cewa bari in kira su Iya, bari in kira Baba.

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya. Ya daɗe a durƙushe. Na ga fuskar nan tana janyewa a hankali, kamar yadda ruwa ke janyewa daga yashi. Sai ya sa yatsu cikin bakin kifin ya murɗa ƙugiyar ya zare. Ya daidaita shi a cikin ruwa, ya riƙe shi da hannu biyu yana kaɗa shi gaba da baya, har jelar ta fara motsi.

Ya buɗe hannunsa.

Na ji kamar ni aka saki a cikin zurfin. Na ce, "Kawu, me ya sa?" Ina jin ita ce tambaya ta farko da na taɓa yi masa.

Bai fito daga ruwan ba. Ya ce, "Kin ga abin da na yi wa Sale?"

Na ce na gani.

"Sale namiji ne, kuma da rana ne, Babanku yana kusa. Ita wa zai ɓamɓare ni daga kanta?"

Na ce ai an ce in ya yi auren zai warke.

Ya ce, "Jummai ba magani ba ce, Malama Binta. Mutum ce."

Da muna tafiya gida ya ƙara mini abu ɗaya. Ya ce in shi ya ce ya fasa, Iya ba za ta yafe masa ba, Jummai kuma ba za ta tafi ba. In ita ta fasa, har ta mutu ana nuna ta ana cewa ga wadda ta guji mara lafiya. Amma in ruwa ne ya hana, ba mai laifi.

Bai ce in rufa masa asiri ba, ni ma ban rufa ba. Da yammar na samu Mama a wajen murhu na gaya mata komai, ina kuka, don a tunanina in manya suka ji za su gyara. Gwaggo ta tuntsire da dariya ta ce littattafan nan sun gama da yarinyar nan, ga kifi kamar mutum, ga saurayi mai sadaukarwa, saura a ce kifin ya yi magana. Mama ta ce in rufe bakina kada Iya ta ji. Ta ce ƙugiya ce ta maƙale a itace ya yanke hannu wajen ja, haka ya gaya musu. Ta ce in ma gaskiya ne, to ciwon ne ya motsa, don mai hankali ba zai yi haka ba.

Ban sake tayar da zancen ba. Wa zai saurari mai karanta soyayya?

Washegari da safe muna loda kaya aka fara yayyafi. Baba da Kawu suka je sallama wajen mahaifin Jummai, na bi su a baya. Tsohon ya riƙe hannun Kawu, ya juya tafin ya dubi yankan da zare ya yi. Ya dube shi a ido. Sannan ya saki, ya ce da irin Hausarsa ta bakin kogi, "Ruwa bai ba shi ba. Ni ba ni da magana."

Jummai tana tsaye a ƙofar zaure. Ita ma hannun ta kalla. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta shige.

A mota ba wanda ya miƙa hannu ya tsinki mangwaro.

Ina so in ce muku daga baya abubuwa sun yi kyau. Ba su yi ba.

Jummai ta ƙi kowa har shekara biyu, sannan ta auri wani malamin makaranta, mutumin kirki, Allah ya ji ƙansa shi ma. Iya ta rasu tana ganin ɗanta ya gaza ne. Lafiya ta zama babban birnin jiha, gari ya cika, abokan Kawu suka yi gidaje suka aurar da 'ya'ya. Shi yana ɗakin baya a gidanmu. Wata shekarar ya ɗan samu sauƙi har ya yi gadi a wani shago, wata shekarar ko ƙofa ba ya fita. Yaran unguwa suna binsa suna buga ƙafa suna lef-rai, lef-rai. Bai taɓa juyowa ya tsawata musu ba, tsoron kansa yake ji.

Da Baba ya rasu, Yaya Sale ne ya ɗauke shi ya kai shi gidansa a Azuba, can gefen Lafiya. Shi ɗin dai da aka shaƙe. Har yau in sanyi ya yi kafaɗar tana damunsa, amma ban taɓa jin ya ambata ba. Allah ya saka masa, shi da matarsa.

Ni kuwa na daina karanta littattafan nan tun a shekarar. Ba hana ni aka yi ba. In na kai shafin biki sai in ji kamar ana yi mini ƙarya.

Ganina da shi na ƙarshe da babbar sallar da ta wuce ne. Na same shi a kan benci a ƙofar ɗakinsa, ya rame, gemu ya yi fari fat. Ya matsa mini wuri. Muka zauna irin zamanmu, yara suna ta guje-guje da nama a tsakar gida. Da zan tashi, ban san abin da ya shiga kaina ba, na ce, "Kawu, ka taɓa yin nadamar abin nan?"

Bai ce wane abu ba.

Ya ce, "Kullum."

Na juyo na dube shi. Ya ce, "Kullum sai na yi. Amma ko yanzu aka mayar da ni wajen, haka zan sake yi." Sai ya tambaye ni ko har yanzu ina jin kunyar mutane. Na ce ta ragu. Ya ce kada in bari ta ƙare duka.

Na ce sai na dawo. Ban dawo ba.

Ban san me ya samu a duniyar nan ba. Na juya abin ta kowace fuska tun safe, ban ga inda aka biya shi ba. Ya yi abin da ya fi kowa hankali a gidanmu, aka rubuta shi a cikin haukarsa. Shi ya sa na rubuta wannan. Waɗanda suka san shi a Lafiya a matsayin tsohon sojan nan da ba shi da lafiya, ku sani akwai wata mata da ta yi rayuwarta cikin aminci, ta haifi 'ya'ya ta ga jikoki, saboda ya buɗe hannunsa.

Ɗazu na yi ƙarfin hali na kira Anti Jummai, don kada ta ji a bakin wani. Na yi sallama, na faɗi sunana. Ita ce ta ce, "Idi ne?"

Na ce shi ne.

Ta yi salati. Ina jin kukan jikanta a kusa da ita. Can ta tambaye ni ko an riga an sayo likkafani. Na ce ban sani ba. Ta ce in kira Sale yanzu in ce kada a saya. Akwai yadin da ta zo da shi daga Makka ta ajiye don kanta, ɗanta zai kawo shi Azuba kafin azahar.

Yaya Sale ya turo mini saƙo, yadin ya iso. A cikinsa za a sa shi.

Ya Allah, ga bawanka Idrisu ya zo maka, bai zo da mata ba, bai zo da ɗa ba. Ka gafarta masa abin da ya gani da abin da aka sa shi ya yi a inda aka tura shi. Ka sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi a can abin da ya hana kansa a nan.

Ku da kuka karanta har nan, ba laik nake nema ba. Bai bar ɗan da zai riƙa tunawa da shi a sujada ba, sai mu. Don Allah duk wanda zai yi sallar azahar yau, ya ambaci Idrisu ɗan Iya. Ku sa da Jummai.